Masu Kiwon Tsohuwar Tarakta

A wajenmu tantan ba ta yin ritaya. Wadda aka saya tun zamanin Shagari, in dai tana tashi ko da turi ne, da damina ta yi huɗa, da kaka ta yi dakon dawa, da rani ta ɗebo yashi. A Ingila da Amurka da Jamus kuwa akwai masu kiwon tsohuwar tarakta kamar dokin hawan sallah: a wanke, a goge, a lulluɓe da bargo, sau biyu a shekara a fito da ita kilisa. Wasunsu ko fegin shuka yakuwa ba su da shi.

Akwai mai bin nasaba. Yawanci tasa ita ce 'yar ƙaramar Ferguson TE20 mai ruwan toka, wadda aka riƙa ƙerawa a Kobantiri daga 1946 zuwa 1956. An yi fiye da rabin miliyan, amma shi a ganinsa tasa ce kaɗai 'yar halak. In ka kawo taka wurin baje koli ba zai gaishe ka ba. Zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya karanta lambar jikinta, ya shafa noti ɗaya, sannan ya miƙe da fuskar ta'aziyya ya ce wannan fitilar ba tata ba ce. Mai binciken wanda ya zo neman auren 'yarsa bai kai shi tone-tone ba.

Abokin gabarsa mai tsatsa ne. Shi fenti a wurinsa cin amana ne, kowane lotsewa tarihi ne. Baƙin mai kawai yake shafa mata da tsumma, kashin kajin da ya tarar a kujera ma da ƙyar ya yarda aka share.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai kwancewa. Ya sayo ta a gwanjo ran Asabar, kafin Lahadi da yamma ya yi mata fiɗar akuya. Inji yana kan teburi, tayoyi sun jingina da katanga, notuna suna cikin gwangwanaye goma sha biyu da ya rantse zai tuna abin da ke cikin kowanne. Yau shekara tara. Motar uwargida tana kwana a waje cikin ƙanƙara, domin gawar tana gareji. Ya sayi littafin gyara, ya sayi sifana iri-iri, har wata taraktar ya ƙara saya don ya riƙa cire mata kaya, ita ma ya kwance ta. In ka tambaye shi ina aka kwana, amsarsa ɗaya ce: saura kaɗan. Kuma duk taron da aka yi, shi ya fi kowa ba da shawara.

Sai 'yan launi. Na John Deere kore da rawaya, na Farmall ja, na Ford shuɗi, tsokana tsakaninsu kamar Bakano da Bazazzagi, sai dai su wani lokaci har zuci suke yi. Jikan mai kore ya sayi ja, a gidansu kamar ya canza sunan mahaifi ne.

Masu tayar da inji su ne 'yan wasan taro. Mai Lanz Bulldog ta Jamus, mai silinda ɗaya tak, ba ya murza makulli. Sai ya kunna fitilar hura wuta ya gasa kan injin na wasu mintuna, ya zare sitiyarin ɗungurungum, ya soka shi a gefen inji ya yi ta jijjigawa har ta yi tari ta kama. Wani lokaci injin ya tashi yana juyawa baibai, ka sa giyar gaba ta nufi baya. Mai Field Marshall ta Ingila kuma takarda yake kunna wa wuta ya cusa, ya sa harsashin da ba dalma, ya buga da guduma. Ka ji ƙara kamar bindigar 'yan tauri, hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse. Da ta tashi sai ya bar ta minti biyu ya kashe, ya jira wasu 'yan kallon su taru. Na yi imani da za a ba shi mai tashi da makulli kyauta, kuka zai yi.

Malamin tarihi ba lallai ya mallaki ko taya ba. Zai riƙe maka hannun riga ya gaya maka cewa da Ferguson uku Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a Janairun 1958, kuma Lamborghini tarakta ya fara ƙerawa kafin motar tsere. Duk gaskiya ne. Bara ma ya gaya maka.

Mai tarawa ya wuce goma sha biyar, duk launi ɗaya, ba don ƙauna ba, don kada uwargida ta gane an ƙara.

Ni dai duk cikinsu ban ga wanda zai kama ƙafar bakaniken ƙauyenmu ba, wanda ke riƙe da Massey Ferguson da waya da robar tayar keke, kuma ta huɗe gonaki biyar kafin azahar. Shi bai san abin da yake yi yana da suna a Turai ba, har ana ba da kofi a kansa. Saboda haka in akwai wata a gidanku da ta shekara ashirin a gindin darbejiya kaji na ƙwai a cikinta, kada ka yi saurin kiran 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Kuma don Allah kada ka yi mata fenti.