Risala a Kan Turin Mota: Rukunansa, Rabe-rabensa da Haƙƙin Mai Turi

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda jama'a ke kutsawa cikin sha'anin turin mota ba da ilimi ba. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, a bi ta Bakori, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ga mutum huɗu ko biyar sun duƙa a bayan wata mota ba. Amma tsayar da ɗayansu ka tambaye shi sharuɗɗan abin da yake yi, sai ya dube ka yana haki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana karantar da dokokin hanya tun kafa ta a 1988, sai dai duk karatun nata a kan motar da ke tafiya yake. Motar da ta ƙi tashi ba ta samu wanda ya tsaya mata da rubutu ba.

Turi, a wurin ma'abota wannan fanni, shi ne ɗora tafin hannu biyu a jikin motar da injinta ke kwance, tare da jingina mata nauyin jiki, da niyyar ta tashi. Kowace gaɓa ta wannan ta'arifi akwai wanda take korewa. Sharaɗin hannu biyu ya kore wanda ya ɗora ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Jingina nauyi ya kore mai shafa, wanda bayaninsa na nan tafe. Niyyar tashi kuwa ta kore motar da mai ya ƙare mata, irin wadda ta yawaita tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, masu motoci suka koma shan mai gwargwadon tafiyar yini. Kai irin wannan gidan mai jigila ce kawai, domin ko an tura ta har Gusau ba za ta tashi ba.

Asalin lamarin shi ne inji ba ya iya soma juya kansa, sai an juya shi. Mutanen farko da wani lanƙwasasshen ƙarfe suke yi, a zura ta gaban mota a murɗa, wani lokaci ya dawo ya karya hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai ƙaramar na'urar lantarki da ke wannan aiki, ƙirƙirar Charles Kettering, ita ce makanikanmu ke kira kik. Kik daga batir mai ƙarfin bolt 12 yake ci, idan batir ya raunana sai a murɗa makulli a ji ƙyat-ƙyat, shi ke nan. A bisa al'ada inji ke juya taya. Turi yana juya wannan tsari ne, taya ta juya inji ta hanyar giya da kuloci. Da haka ta tabbata mai turi na'ibin kik ne, na'ibi kuwa yana da darajar wanda ya wakilta.

Rukunan turi huɗu ne: mota, da fili, da direba, da masu turi. Mota ba ta buƙatar bayani. Mafificin fili gangara ce, shi ya sa wanda ya san halin batirinsa, in ya je ɗaurin aure, ba inuwa yake nema ba, gangara yake nema, kuma a ƙofar gidansa akwai dutse guda da yara suka san ba a taɓawa.

Direba abu uku ke kansa: ya buɗe makulli, ya sauke burkin hannu, ya taka kuloci da mota a giya. An yi saɓani a kan wace giya. Mafi yawan malaman gareji suna kan ta biyu, hujjarsu ita ce giya ta ɗaya tana fizga, tayoyi su cije, masu turi su gwara ƙirji da but. Wasu 'yan tsiraru sun halatta ribas, amma sun ƙayyade ta da lalura, wato inda mota ta fuskanci katanga, tura ta kai bango tun ba a soma ba. Mantuwa da burkin hannu ita ce mafi munin abin da ke ɓata turi. Hukuncinta a sake daga farko, kuma cewar direba “Af!” ba ta zama diyya. Sakin kuloci lokacinsa shi ne sa'ad da mota ta kai saurin mai sassarfa. Wanda ya saki kafin nan ya zubar da gumin mutane, wanda ya jinkirta ya maishe su 'yan tsere. Kiran “Saki! Saki!” a asali haƙƙin masu turi ne, sai dai su numfashinsu ya tafi wani aiki, don haka a aikace wanda bai taɓa motar ba shi ke yi.

Rukuni na huɗu shi ne mafi faɗi, kuma ya kasu kashi biyar.

Na farko, mai turi na haƙiƙa. Alamarsa kansa yana tsakanin damatsansa, silifansa na zamewa, kuma ba ya magana. A kowane taron turi, komai yawansa, mutum ɗaya ne, in an yi sa'a biyu. Galibi ɗan dako ne ko manomi da ya ajiye fartanya a bakin titi.

Na biyu, mai shafa. Hannunsa na jikin mota, ƙafarsa na gudu, fuskarsa a yamutse fiye da ta kowa, amma in da za a sa ƙwai tsakanin tafinsa da ƙarfen da ba zai fashe ba. Shin yana da rabo a godiya? Masu tsanantawa sun ce babu, suka kafa hujja da ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687, cewa abin da ke tsaye yana nan tsaye har sai wani ƙarfi ya motsa shi, mai shafa kuwa bai kawo ƙarfi ba. Masu sassauci suka ce ya kawo kwarjini. Mai turi na haƙiƙa, in ya saci kallo ya ga mutum biyar, sai ya ɗauka humusin nauyin kawai yake ɗauke da shi, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ƙara himma. Wannan magana ta biyu ita marubucin risalar ya fi karkata gare ta, da sharaɗin kada mai shafa ya riga kowa cewa “Wash, bayana!”

Na uku, mai umarni. Yana ƙarƙashin bishiya cikin babbar riga. Shi ke cewa “Samari, ku haɗa ƙarfi mana,” shi ke sanar da cewa fulogi ne tun ba a buɗe bonet ba. In ta tashi ya ce dama ya faɗa, in ta ƙi ya ce dama ya faɗa.

Na huɗu, yara. Ba a gayyatarsu, ba sa jin kora, ƙarfinsu a tare ba abin rainawa ba ne. Aibinsu guda, ba su yarda turi ya ƙare da tashin mota ba, sai an ɓamɓare su daga bamba.

Na biyar, mai motar da ke tura abarsa shi kaɗai, ƙofa a buɗe, kafaɗa a jikin ginshiƙi, hannu ɗaya a sitiyari, yana jiran ta ɗauki gudu ya faɗa ciki. Ta'arifinmu bai game shi ba ta fuskar hannu biyu, amma an shigar da shi don tausayi. Ya haɗa rukunai biyu a jiki ɗaya, abin da ba a so sai a hanyar da ba kowa, domin an sha ganin mota ta cika nata alƙawarin ta tafi, shi bai cika nasa ba.

Turi yana bin yanayin shekara, kamar sauran ayyukan wannan yanki na noma. A hunturu, Disamba da Janairu, sanyi yana rage kuzarin batir, ya sa baƙin mai ya yi kauri, sai turin asuba ya yawaita. Mai dabara yakan daidaita fitowarsa da fitowar mutane daga masallaci. A damina, musamman Agusta, hanyoyin gonakin Ƙafur da Ɗandume sukan riƙe mota a taɓo. A nan inji na aiki, taya na juyawa a wuri ɗaya, saboda haka ciro ne, babinsa daban, abin da kawai za a ce shi ne kada mai farar shadda ya tsaya daidai bayan taya. Da kaka kuwa mas'alar ta nauyi ce. Golf 3 da kanta ta ɗan haura tan guda, buhun masara kilo 100 ne, ashe buhu goma sun kusa ninka ta. Shin a sauke lodi kafin a tura? Ƙiyasi ya ce a sauke. Al'ada ta ce wanda ya ga yadda aka ɗaure kayan nan ba zai kawo maganar kwancewa ba. A-kori-kurar auduga tata matsalar daban ce: kayan ba nauyi, amma sun lulluɓe motar har an rasa inda za a ɗora hannu. J5 ɗin tumatirin Ɗanja ita ake gabatarwa a kan kowa, don kayanta ba sa jiran a gama shawara.

Mas'ala: fasinjan da ya biya kuɗin mota a tasha, turi ya hau kansa? Wasu sun ce a'a, domin abin da ya saya shi ne a ɗauke shi, in ya tura ya zama shi ya ɗauki direba. Wasu sun ce lalura ta gama kowa. Abin da aiki ya gudana a kai shi ne maza su sauka, a ɗauke wa mata da tsofaffi, a kuma kau da kai daga Alhajin gidan gaba da ya biya kujera biyu, wanda kan zauna da hujjar zai lura wa direba da giya. Ba a ruwaito cewa an taɓa rage wa wani kuɗin mota saboda ya tura ba.

Idan mai jayayya ya ce, me ya hana a sayi batir a huta? Sai mu ce masa amsa ta fuska biyu ce. Ta farko, batir da kuɗi ake saye, kuɗi kuwa a nan sai an kai amfanin gona kasuwa, alhali turi farashinsa “Salamu alaikum, bayin Allah, a taimaka.” Ta biyu, ba kullum laifin batir ba ne. Sau da yawa altaneta ce ta daina caji, ko fanbel ya saki, ko kan batir ya yi tsatsa, wanda akan gyara da ƙwanƙwasawa da dutse. Wanda ya ɗora sabon batir a kan matacciyar altaneta jinkirta turi ya yi, kuma rewaya zai tabbatar masa da haka bayan ya karɓi kuɗinsa.

Idan ya ce, to a jona waya da batirin wata mota, sai mu ce wannan yana buƙatar mota ta biyu, da waya, da mai motar da ba ya tsoron a shanye masa wuta. Kafin ukun nan su haɗu, an tura an isa Bakori.

Idan ya ce masu ƙera motocin zamani sun yi gargaɗi cewa turi yana aika ɗanyen mai cikin matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ya lalata ta, sai mu ce mun sallama. Sai dai hukunci yana tafiya da illarsa, kuma motoci da yawa sun rabu da indominsu tun kafin su iso hannun mai su na yanzu. Mun kuma sallama cewa mota mai injekta, in batirinta ya mutu murus, turi ba ya tashinta, don famfon mai da kwamfutar inji suna buƙatar 'yar wuta. Turi magani ne ga mai rauni, ba a yi shi don gawa ba.

Saura otomatik. Zuriyar da ta tashi da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ta gaji turi daga iyayenta. Yanzu ga Camry da Corolla na tokunbo sun cika gari ba kuloci. A cikinsu abin da ke sada inji da taya mai ne, famfon da ke harba man kuwa inji ke juya shi. Taya ba ta isa ga inji sai famfo ya yi aiki, famfo ba ya aiki sai inji ya tashi, wannan shi ne kewayon da malaman manɗiƙi suka ce ba ya yiwuwa. Don haka tura otomatik da niyyar ta tashi bai inganta ba, wanda ya tara mutane a kan haka a sanar da shi cikin ladabi, a matsar masa da ita gefen titi.

Haƙƙin mai turi bayan mota ta tashi shi ne abin da aka fi tauyewa. An yi wa direba uzurin rashin tsayawa, domin in ya tsaya tana iya mutuwa, kuma altaneta na buƙatar tafiya kafin ta mayar wa batir abin da ya rasa. Abin da ke kansa shi ne ham biyu gajeru da ɗaga hannu ta taga. Ham ɗaya tauye mudu ne, rashin ham ɗungum butulci ne, kuma unguwa tana riƙe lambar mota. Hayaƙin da ya bugi fuskar masu turi ba a neman fansarsa. In ta sake mutuwa tun ana hangenta, turin farko ne bai cika ba, su koma. In ta sha kwana ta ɓace, nauyi ya sauka daga kansu ya hau kan mutanen unguwa ta gaba.

Muna roƙon masu babura da masu teburin rake, daga unguwar Jabiri har Tudun Wada, in suka ga mota ta fuskanci gangara da dutse a gindin tayarta, kada su tare mata gaba. Mai ita ya yi lissafinsa tun daren jiya.