Madalla da Aljeriya, gwanar lissafi

A gaishe da hukumomin Aljeriya! Duk shekara, da an kai hatsi rumbu, samarin Takanamat, Tabaram da Afala a yankin Adar na Nijar sai su kama hanyar biɗa: Tahoua, Agadas, Arlit, har Tamanrasat. Can su ke kwaɓa siminti, su ke hawa bene da bulo a ka. Maƙwabciyar tamu kuwa ta gano sirrin da ya kuɓuce wa ƙasashe da yawa, wato ma'aikaci ya fi daɗin sha'ani in ba shi da takarda. Ba ya kai ƙara. In ya faɗo daga gini, ba ya neman kuɗin magani. In ladansa na wata uku ya taru a hannun maigida, jandarmomi suka dira da asuba, shi ke nan bashi ya biya kansa. Wannan fa shi ne tattali.

Kada wani ya ce ba su san alkawari ba. A 2017, Abdelmadjid Tebboune yana firaminista, gwamnatinsa ta ce za a ba baƙin Afirka takardar zama da izinin aiki. Yau shi ne shugaban ƙasa, kuma ya adana alkawarin nan da kyau, har yanzu sabo fil yake.

Ga karamci kuma, baƙo ba ya biyan kuɗin mota. Ana loda mutane a manyan motoci zuwa Assamaka, wasu a sauke su a Point Zéro, kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi, don motsa jini. A 2024 kaɗai, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka samu wannan rakiya.

Sifen ce mai wauta. A 2005 ta ba ma'aikata fiye da 500,000 takardu, suka shiga biyan haraji, masu ɗaukarsu aiki suka rasa abin yi musu barazana da shi. Maroko ma ta bi sahu a 2014. Ina amfanin wannan wahala tunda gumi na samuwa a araha?

Namu manyan ma a jinjina musu. A 2014 suka daidaita da Aljeriya kan yadda za a maido ƴan Nijar gida. Yadda za su yi aiki can da mutunci kuwa, an bar wa Allah.

To, gwanaye, iyayen yaran nan a Adar suna jiran aike ne. Ku ba su takardar aiki, in kun ƙi, ku biya su haƙƙinsu kafin ku loda su.