Ba ganyen muke ƙi ba, yadda yake a baki ne

Mu a layinmu, da la'asar ta yi sanyi an shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Goggo, hira ba ta wuce tukunya. Jiya amaryar gidan gabas ce ta dawo daga awo, an ce ta yawaita cin ganye da 'ya'yan itace. Ta zauna ta zuba tagumi.

"Wallahi Goggo, ba ɗanɗanon ne ya dame ni ba. Da na ga yauƙin kuɓewa yana bin ludayi, sai zuciyata ta tashi. Gwanda kuwa in ta nuna tuɓus, ko kallonta ba na iyawa."

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Wannan ta ce ita da goba sai daga nesa, don 'ya'yanta kamar tsakuwa suke a haƙori. Waccan ta ce maigidanta ya bar mangwaro saboda zaren da ke maƙale masa. Yaranmu kuma kowa ya san halinsu: su tsince alayyafo ɗaya bayan ɗaya su jera a gefen kwano. Haka muke, sai mu ce ba ma cin abu, alhali laushinsa ne ko santsinsa bai karɓe mu ba.

Malama, wadda ke aikin jinya, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar, kuma ban da dankali da rogo a lissafin. Tsakar gida ta yi tsit, kowa na auna ɗan ganyen da ke cikin miyarsa.

Goggo ta gyara zama. "'Yar nan, wa ya ce miki dole sai da yauƙi? Mu ne muke jefa kanwa don miya ta yi ja. Ki bar kanwar, ki yanka kuɓewar manya-manya, ki soya a wuta mai ƙarfi, ki matsa lemon tsami. Ki zo ki ba ni labari."

Malama ta ce ai barin kanwar riba biyu ce, don tana lalata wasu sinadaran ganye masu amfani, haka ma dahuwar da ta wuce kima.

Daga nan kowa ta buɗe jakar dabararta. Mai ƙin laushi, ga kwaɗon zogale ko na rama: a matse ruwan sosai, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa, ya riƙa garas-garas a baki. Ga yalo, ga karas, ga kokwamba, duk ɗanyu ake ci. Mai ƙin ganin ganye a kwano, a yanka shi ƙanana a turara cikin dambu, ko a bar kabewa ta narke a miyar taushe. Gwanda da ayaba a markaɗa su da kindirmo, amma kada a tace, don abin da rariya ke riƙewa shi ke taimakon hanji. Garin 'ya'yan kuka ma a dama da nono, kamar yadda iyayenmu suka saba. Mangwaro kuwa a nemi mai aure, zarensa kaɗan ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ko ɗaya cikin dabarun nan da aka yi mana aronta. Duk a madafinmu suke, mun dai saba wa kowane ganye dahuwa ɗaya tak, in ba ta yi mana ba sai mu yi fushi da ganyen gaba ɗaya.

Kafin kiran magariba Goggo ta aiki jikarta bayan ɗaki ta tsinko zogale, ta zuba wa amarya a gefen zani.

"Gobe ki kawo ƙuli-ƙulinki, ni zan kwaɗa miki da hannuna."