Ku da Kuka Ce Ciwon Turawa Ne

Na san ku sarai. Kuna jere a bencin mai shayi a Kwanar Dangora, ana yanka muku burodi, aka ce za a yi maganar ciwon damuwa a tsakanin samari da 'yan mata, sai kowa ya taɓe baki. "Wannan ai ciwon ƙoshi ne. Wanda ya wuni yana huɗa a gonar masara a Doguwa, ina ya ga sararin damuwa?" To, Alhaji, ajiye kofin tukuna, kada ka ƙware.

Bari mu fara da Turawan, tunda kun bar musu ciwon gado. A Oktoban 2021 wasu magidanta uku a Ingila, Andy Airey da Mike Palmer da Tim Owen, suka ɗaura takalma suka taka mil 300 a ƙasa, daga gidan wannan zuwa gidan wancan. Da can ba su san juna ba. Abin da ya haɗa su, kowannensu ya rasa 'yarsa wadda ta ɗauke ranta da kanta. Kuɗin da suka tara suka miƙa wa ƙungiyar Papyrus, wadda ita ma iyaye masu irin wannan rashi ne suka kafa ta a 1997. A 2022 suka sake taka mil 600 zuwa majalisun dokoki huɗu na Birtaniya, suna neman a riƙa koya wa yara a makaranta yadda ake neman taimako kafin abu ya ɓaci. Abin da suka tara ya haura fam miliyan ɗaya.

Na ji ka, Baba, daga ƙarshen benci: "Su ai ba su da tawakkali." Madalla. Amma ranar da maciji ya sari ɗanka a bakin dajin Falgore, ban ga ka shimfiɗa buzu ka zauna ba. Da addu'a a bakinka ka saɓa shi a babur sai asibitin Tudun Wada. Ashe tawakkalinka ya san hanyar asibiti, sai an zo ciwon ƙwaƙwalwa ne yake ɓatan kai.

Ku mutanen Kiru ma ba ku da bakin magana. Cibiyar gyaran hali ta masu shaye-shaye a ƙasarku take. Ko daga Landan ake kawo muku yaran? Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum 16 cikin 100 a jihar Kano, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ba duk mai shaye-shaye ne mai ciwon ƙwaƙwalwa ba, amma da yawansu abin da ke cin ransu suke ƙoƙarin kashewa da kwalba.

Akwai wani saurayi a unguwarmu, mai barkwanci, gwanin kamun kifi a Tiga. Bayan wata damina sai ya yi shiru. Ya daina zuwa majalisa, ya daina aski, tuwo ya kwana a gabansa a rufe. Kowa ya zama likita. Gwaggonsa ta ce iska ce, kawunsa ya ce iskanci ne, maƙwabciya ta ce sammu, wani dattijo ya ce a yi masa aure kawai. Uwarsa ta sayar da akuya biyu ta kai wa mai magani, aka ba ta hayaƙi da rubutu a gora. Da aka ambaci asibitin Dawanau sai uban ya daka tsawa: "Ɗana ba mahaukaci ba ne!" Ranar sadakar uku na ƙirga buhun shinkafa biyu da tabarmi har bakin titi. Kuɗin da aka rasa na mota zuwa Kano, ga shi ya fito ya ninka, bayan mai shi ya tafi. Ihu bayan hari ke nan, kuma mu gwanayensa ne.

Yau uban nan shi ne yake tare samari bayan sallar Isha yana tambayar su, "Kana barci kuwa? Me ke damun ka?" Uwar kuma duk gidan sunan da ta shiga sai ta ja wata uwa gefe. Su ne namu magidantan uku, sai dai babu mai ɗaukar su hoto, kuma ku ne kuke cewa, "Bawan Allah nan ya kasa haƙuri." Ya yi haƙuri, Malam. Shiru ne ya ƙi yi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya, ke ma na hango ki kina gyara mayafi kina cewa asiri a rufe ya fi. Rufin asirin nan ne ya cika gidajen mari, har a 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, a Rigasa da Daura. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya suna, mu muna nan da tsohon baki.

Ban ce ku taka daga Riruwai zuwa Dawanau a ƙasa ba. Na san gwiwoyinku, daga shago zuwa masallaci ma sai da nishi. Abin da na ce, yadda ake yanka wa kowa kuɗin anko da gudummawar biki, yadda ake adashi a kasuwar Bebeji, a buɗe asusu ɗaya a unguwa na kuɗin mota da na magani, a damƙa shi a hannun liman da mai unguwa. In uban nan ya miƙe ranar Juma'a zai yi magana, ku bar shi ya ƙarasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yanzu ɗauki shayinka, Alhaji, ya huce. Canjin da mai shayi zai ba ka kuwa, kada ka mayar aljihu. Da shi za mu buɗe asusun.