Ƙafar Hagu Ta Koma Bakin Aiki

Ƙafata ta hagu ta daɗe da yin ritaya. Tun da na sayi Camry mai giyar otomatik ta ajiye aiki, ba ta taka komai sai tabarma da matakalar ofis, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ni ne dai, bayan furfura ta fara leƙowa a gemu, na tashi rana tsaka na ce sai na mallaki motar gudu, irin mai ƙofa biyu da ke rarrafe a ƙasa, wadda in ka zauna a cikinta kai da tayar tirela kuna kallon juna ido da ido. Kada a tambaye ni dalili. Tsararrakina in shekaru suka fara turawa aure suke ƙarawa. Ni kuwa na auna aljihuna da zaman lafiyar gidana, na ga mota ta fi araha.

Wani dillali da muke salla a masallaci ɗaya ne ya kira ni ya ce kaya sun sauka daga Legas. Toyota 86 ce guda biyu, ƙirar 2013, duk daga Amurka, shi ya sa tambarin da ke goshinsu na Scion ne, sunan da kamfanin ya riƙa sayar da ita da shi a can har 2016. Motar haɗin gwiwa ce tsakanin Toyota da Subaru, a masana'antar Subaru ma ake ƙera ta a Japan. Inji lita biyu, silinda huɗu a kwance, ƙarfin doki 200, tayoyin baya ne ke tura ta. Komai nasu ɗaya, sai dai ɗaya fara ce otomatik, ɗayar ja ce manuwal, giya shida da kuloci. Dillali ya ce in zaɓa kafin Juma'a, wai akwai wani ɗan siyasa da ke zagaye. A Kano ba a taɓa sa mota a kasuwa ba sai an samu ɗan siyasar da ke zagayenta.

Na fara da ɗan yayata, wanda bai mallaki ko keke ba amma ya haddace motocin duniya a waya.

"Kawu, in gudu kake so, zancen manuwal ya ƙare tuntuni."

Ya ce tun 1989 Ferrari ta sa wa motarta ta tseren Formula 1 giyar da ake canzawa da yatsu a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da aka yi da ita a Brazil. Yau babu direban wannan gasa da ke kama sandar giya. Ya zana mini giyabos mai kuloci biyu a bayan kwalin magani, irin wanda Porsche ke kira PDK: kuloci ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya, ta uku, ta biyar da ta bakwai, ɗayan na riƙe da ta biyu, ta huɗu da ta shida. Kana cikin wannan an riga an ɗana ta gaba, canji kuwa kafin ka ƙifta ido. Ferrari da Lamborghini sun daina yin manuwal kwata-kwata, Corvette ɗin da ta fito a 2020 ma haka.

Na ce shi ke nan, farar. Ya ce a'a, Kawu, dakata. Ita kanta Porsche a 2013 ta fitar da 911 GT3 babu manuwal, masu kuɗi suka yi ta gunaguni har ta dawo musu da ita a 2017. Toyota ta yi wa Supra haka a 2019, ita ma ta janye a 2022. Wato mutum ya zuba miliyoyi a ba shi motar da ta fi jinkiri, don kawai ya ji da hannunsa aka yi. Sannan a ita wannan 86 ɗin lissafin ma juyewa ya yi, don otomatik ɗinta ba mai kuloci biyu ba ce, ta gargajiya ce: a takardar kamfani manuwal na kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 7.6, otomatik sai 8.2, sai dai otomatik ɗin ta fi tsimin mai. Na tambaye shi to wacce zan ɗauka. Ya ce ya danganta. Na ba shi kuɗin kati na sallame shi.

Bakanikena bai yi dogon turanci ba. "Oga, manuwal in ta yi ciwo farantin kuloci ne, rabin yini na gama. Giyabos ɗin otomatik na wannan motar kuwa, in ya tashi, ka zaga Ƙofar Ruwa kaf ka dawo ka ba ni labari." Uwargida tambaya biyu kacal ta yi. Ta leƙa hoton kujerar baya ta ce, "Abban yara, nan wa zai zauna, mage?" Sannan ta ce, "Gwiwar da nake shafa wa man zafi kowane dare, ta dama ce ko ta hagu?" Ta hagu ce. Na ce mata zancen maza ne.

Abin da ya yanke hukunci kalma ɗaya ce ta dillali. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, farar ta fi dacewa da kai. Jar nan sai yara masu jini a jika." Ni da na koyi tuƙi da Fijo 504 ta mahaifina, haɗin Kaduna, na kuma ja Corolla mai giya biyar lokacin bautar ƙasa? Nan take na ce a rubuta takardar jar. Camry na bar wa uwargida, da alfahari, a gaban shaidu.

Shiga motar ma sai da dabara. Hulata ta riga ni sanin tsayin rufin, ta faɗo a cinyata. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Har na fara shirya kalaman da zan gaya wa dillali a kan amana da haƙƙin maƙwabtakar sahu, sai yaron da ke wanke motoci ya sunkuyo ya raɗa mini cewa ba ta tashi sai an taka kuloci har ƙasa. Na ce na sani, batir nake gwadawa.

Ga wanda bai taɓa yi ba: kuloci faranti ne tsakanin inji da giyabos. Ka taka ka raba su, ka saki ka haɗa su. Duk fasahar tana wani ɗan tsakiya inda farantin ya fara kamawa bai gama ba. Ka saki da gaggawa inji ya mutu, ka daɗe a wurin farantin ya yi ta gugar ƙarfe har ya ƙone. A fili babu kowa wannan ba komai ba ne. Amma cunkoson Kano taku biyu ne a tsaya, taku biyu a tsaya, ga 'yan adaidaita sahu suna cusa hanci a duk ramin da ka bari. Kafin in kai danja ta biyu cinyata ta fara rawa ita kaɗai.

Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, ba mu da Hawan Kibo, amma gwamnatoci sun yi mana gadojin sama, kuma a tsakiyar hawan ɗaya daga cikinsu gosulo ya tsayar da ni. Ƙirar 2013 ba ta da na'urar nan da ke riƙe mota a kan tudu. Abin taka uku, ƙafa biyu. Na ɗaga dama daga birki zan kai totur, mota ta sulale baya. Na dawo birki. Na sake, ta sake. Maganin abin hambirki ne, na kuma tuna, sai dai hannun babbar rigata ya lulluɓe shi da sandar giyar gaba ɗaya, ina laluba ina kamo aljihu. Ɗan adaidaitan da ke bayana ya leƙo ya ce, "Alhaji, gaba ake zuwa fa!" Wani mai sayar da ruwan leda ya ce in ba ta wuta. Na ba ta wuta. Inji ya yi kururuwa har aka waiwayo daga ɗaya hannun, mota ba ta motsa ba, sai wani wari mai kama hanci ya cika ciki. Da na saki kulocin gaba ɗaya sai ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Fasinjojin adaidaita uku ne suka sauko suka tura motar gudu mai ƙarfin doki 200 zuwa saman gada, ɗayansu yana ba da shawarar a manna mini jan L.

Kada in zalunci motar. Wata Lahadi bayan asuba na fita da ita hanyar Wudil, titi fayau. Injin nan a ƙasa malalaci ne, sai juyinsa ya haura dubu biyar yake farkawa, cikakken ƙarfinsa kuwa sai dubu bakwai. Ka riƙe ta uku har ya fara waƙa, ka jefa ta huɗu, sandar ta shige da wani ɗan ƙas mai daɗi, kwana ta taso ka sauko da giya ka ji bayan motar ya dafe ƙasa. Babu kwamfutar da ta zaɓa maka, kai ka so, kai ka yi. A nan na yafe wa masu kuɗin Porsche gunaguninsu. Sai dai hanyar Wudil ta Lahadi da asuba sau ɗaya take zuwa a mako, ofis kuwa kullum ne. Wanda rayuwarsa ke tsakanin Kurna da Kantin Kwari, in ya sayi manuwal don jin daɗi, gwiwarsa ce za ta biya kuɗin.

Akwai kuma wani sirri da na ɓoye wa kowa. Ban samu ribas ba. A kan sandar an zana R a sama ta hagu, kusa da ta ɗaya, amma duk yadda na danna ba ta shiga. Wa zan tambaya? Dillalin da ya ce sai yara? Ɗan yayata? Sai na tsara rayuwata ta zama gaba kawai. A gida ina zagaya bishiyar darbejiya in fuskanci ƙofa. A ofis ina fakin can bakin titi. A hanyar Wudil gidan mai na shiga ta nan na fita ta can, ban sayi ko lita ba.

Ranar sunan jikan surukina asiri ya tonu. Na shiga lungunsu na tsaya inda gaba ke buɗe, na je na durƙusa na gai da Baba, aka ci aka sha. Ina fitowa na tarar an kafa rumfa a gaban motar, mata sun jera tukwanen shinkafa a kan murhu. Hanya ɗaya ta rage, baya. Maza kuwa suna zaune a tabarma, babu abin kallo sai ni.

Na tura sandar hagu iya ƙarfina, na turo ta sama, na juya kai ina kallon baya da ƙwarewa, na saki kuloci. Ashe ta ɗaya ce. Mota ta zabura wajen tukwane, mata suka watse da salati, wata gwaggo ta tsallake murhu da tsallen da jikokinta ba su san tana da shi ba. Allah ya tsare, birki ya kama. Sai na tuna Corolla, inda ribas yake ƙasa ta dama. A wannan motar nan ne mazaunin giya ta shida. Ta yi tari ɗaya ta mutu.

Baba ya miƙe da sandarsa. Ya haura saba'in, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, fito."

Na fito na russuna. Ya miƙa wa wani yaro sandar da hularsa, ya naɗe riga ya zauna. Bai ko kalli zanen ba. Ya shafa sandar giyar daga sama zuwa ƙasa, yatsunsa suka tsaya a wani zobe da ke ƙarƙashin kanta. "Ai sakata suka sa mata," in ji shi. Ya ɗaga zoben da yatsu biyu, sanda ta shige ribas ba gardama. Da madubi kaɗai ya fitar da ita tsawon lungun nan, tsakanin kwata da babura, ya hau titi. Muka tsaya jiran ya fito. Bai fito ba. Sai muka ji ƙarar inji tana nisa.

Bayan la'asar ya dawo. Kafin ya shigo kwana muka ji ya ɗan bugi totur tsakanin giya da giya, mota ta sauko sumul ba ko girgiza. Ɗan yayata ya kama hannuna ya ce wannan ai salon 'yan tsere ne, daidaita juyin inji da giya. Ya ruga ya durƙusa ya ce, "Baba, kai da za ka samu 911!" Baba ya ce ai ita ya tuƙa shekara talatin, Kano zuwa Legas. Yaro ya kusa suma, sai da aka fahimtar da shi Marsandi 911 ake nufi, babbar motar nan mai hanci da bodin katako, ya je da shanu ya dawo da goro. Bugun totur ɗin kuwa tsohuwar al'adar direbobin manyan motoci ce, tun zamanin da giya ba ta shiga sai an lallashe ta.

Baba ya shaƙi iska ta wajen bonet ya girgiza kai. "Wani azzalumi ya ƙone kulocin nan." Na ce ai Baba mutanen Amurka ba su da tausayin mota. Ya ce haka ne, a bar ta a wurinsa ya sa mata ido kwana biyu. Ya zura makullin a aljihu.

Duk Bahaushe ya san ba a tambayar suruki makulli. Na je wajen uwargida zancen Camry, ta tuna mini da shaidu. Na kira dillali in ji ko farar tana nan, ya ce an ɗauka tun ranar Juma'ar, ashe ɗan siyasar na gaske ne. Yanzu adaidaita nake hawa zuwa ofis, ina sunkuyar da kai duk sanda muka zo gadar nan. Jiya da daddare Baba ya aiko yaro da saƙo: yana gaisuwa, mai ya yi ƙasa, sannan tayoyin baya sun fara sulɓi, in duba.