Zuwa ga Amaryata a Matazu, Kan Shari'ar Kyanwa

Hajiya Kaka amaryata. Gaisuwa daga Ingila, da fatan kaka ta yi albarka, dawa da masara sun shiga rumbu lafiya.

Labari ya iso gare ni cewa kin yanke wa kyanwar gida hukuncin kora, wai ta yi ƙiba, ke kuma ba ki ga inda ta samo ta ba sai ƙwaryar man shanunki. To, ni ne maigida, ba a korar kowa sai na ji ba'asi. Shaidun da yara suka kawo mini sun wanke ta. Sun ce nonuwanta sun tasa sun yi jajaja, wannan kuwa yakan bayyana ne wajen mako uku da shigar ciki. Sun ce cikinta kaɗai ya buɗe ta gefe biyu, wuya da ƙafafu suna nan yadda suke, abin da ake gani daga mako na biyar. Ta daina kukan neman muzuru da dare, ci da barci sun ƙaru, tana bin ki tana goga jiki a ƙafarki. Ɓarawon man shanu ko'ina yake kumbura, har kumatu. Juna biyu gare ta, Hajiya, abin da ke damunki kuma kishi ne. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, sau da yawa 'ya'ya huɗu ko biyar, don haka saura ƙiris.

Za ki ce tsutsar ciki ma tana kumbura dabba. Haka ne, sai dai mai tsutsa ramewa take yi, gashinta ya yamutse, nononta kuma ba ya canzawa. In ana shakka a nuna wa malamin dabbobi, shi zai faɗi maganin da ba zai taɓa cikin ba. Kada yara su riƙa latsa ta kamar masu tayin gwanda, ana ɓarar da ciki ta haka. Kada kuma kowa ya ji tausayinta ya ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Na san babbar hujjarki: mutane na fama da tsadar abinci, wa zai yi wa kyanwa jego, in ba wanda halin Turawa ya kama ba? Nan Ingila dai tun 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta a dasa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20. Ban ce a kai haka a Matazu ba. Abin da nake roƙo bai fi kan kifi, dafaffen ƙwai, guntun nama da ruwa mai tsabta ba, kaɗan-kaɗan sau da yawa, tunda ciki ya matse mata tumbi. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madarar shanu kuma takan sa ta zawo. Wannan ba kyauta ba ce, ladan aiki ne. Ita ke kwana bakin rumbu kina minshari, ɓerayen da take kamawa kuwa su ke cin hatsi, irinsu ne kuma ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Ke da ba kya fashin makarantar Islamiyya kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

In kin ga tana leƙe-leƙen lungu, haihuwa ta kusa. A sa mata kwali da tsumma a wuri mai duhu, in ba haka ba za ta zaɓi akwatin zannuwanki. A ƙyale ta, ita za ta yanke cibi ta lashe jikin 'ya'yan, sai fa in ta yi awa guda tana yunƙuri ba abin da ya fito, to a nemo malamin dabbobi. Idon 'ya'yan yakan buɗe cikin kwana 7 zuwa 10, kuma ba a raba su da uwa sai sun yi mako takwas. Matar gidan da ke da ciki kada ta share kashin kyanwa, yana iya ɗaukar cutar da ke taɓa ɗan tayi.

A gaishe mini da Baba da su Inna da 'yan'uwanmu na Musawa. Kuɗin kifin na tura wa Yaya, kada ki karkatar da su zuwa goro.

Angonki.