Curin Nama Mai Zaƙi a Madina

Hausawan Hijaz, waɗanda kakannin wasunsu suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun daɗe da koya wa Larabawa cin tsire, har sunan ya zauna a bakinsu da lafazin "sire". Amma a madafan gidajen Madina an rama wa kura aniyarta, domin kofta, wato niƙaƙƙen nama da ake cuɗawa da albasa da tafarnuwa a mulmula shi kamar ƙananan dunƙulen fura, ta shigo tana jaye da dibis. Dibis kuwa ruwan dabino ne da ake dafawa har ya yi kauri ya yi duhu, kuma Madina, garin dabinon ajwa, ba ta rasa shi.

Ƙa'idar aikin ita ce a soya curin naman har ya yi ja, sannan a zuba dibis da attaruhu da citta da ruwan tsamiya, a rage wuta, a riƙa jujjuyawa har romon ya lulluɓe kowane curi yana ƙyalli. Sai dai zaƙi saurin kamu gare shi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙyalli da ƙauri ba ta kai tsawon gaisuwar maƙwabciya ba, musamman idan an kai ga tambayar gajiya da mutanen gida.

Dattawa na da ra'ayin cewa nama da zaƙi ba dangin juna ba ne, hukuncin da galibi suke yankewa bayan curi na bakwai, yatsu na danƙo, suna cigiyar ƙarin yaji a gefen faranti.